Husufin da Aka Shafe da Fenti

Zuwa ga taubashina Tartsatsi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da maiɗakinka da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? Ka ce mata wanta yana gaishe ta, yana kuma tambaya ko har yanzu tana rigima da maganin likita.

Mu nan lafiya lau, sai dai idon Baba. Likita ya ce jijiyar ce ta gaji, ba yanar ido ba ce balle a kankare. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Bakin dai yana nan yadda ka san shi, jiya ma sai da ya gyara wa mai karanta labarai a rediyo sunan wani kogi.

Na san za ka ce Alli ba ta ɗaukar biro don Allah. Gaskiyarka, da buƙata na zo. A ƙarshen watan gobe za a yi husufin rana da hantsi. Wata zai gifta tsakaninmu da rana ya rufe wani sashe nata, kuma za a gani a garinku da namu. Ka san duk shekarun da Baba ya yi yana koyar da labarin ƙasa, babu ajin da ya bi ta hannunsa bai sha labarin mutanen dā da suka auna nisan wata ba, ba na'ura ba komai, sai ido da lissafi da husufi. Kai ma ka ji, in ba barci kake yi a bayan aji ba. Tun yana saurayi yake son ya yi awon nan da kansa. Sau ɗaya dama ta zo, ya shirya da wani abokinsa, ranar hadari ya taso ya rufe sama ruf. Har yau in ya tuna sai ya ja tsaki. Husufin da zai sake bi ta kanmu bayan wannan kuwa, ni kaina ban san ko zan kai ba, balle shi. Na yi masa alkawari wannan karon zai samu awonsa, kuma ba zan saɓa alkawarin nan ba.

Abin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Sai mutum biyu a garuruwa masu nisa sun zana fuskar rana a lokaci guda. Na duba danginmu kaf, babu wanda ya yi nisa da mu kamarka, a hanya da kuma a zumunci.

Ga yadda za ka yi. Ka samu ƙaramin madubi ka rufe shi da takarda, ka bar huda kamar ƙwayar wake. Ka ajiye shi a rana, ka karkata shi ya jefa haske cikin shagonka, wajen da ya fi duhu. Za ka ga da'ira mai haske a bango, to ita ce rana. Ka yi ta ja da madubin baya har da'irar ta yi daidai da bakin gwangwanin madara. Ranar husufi ka kunna rediyo, ana buga ƙararrawar labaran hantsi ka zana inda wata ya ci, ka sa alama a saman da'irar. Kada ka bar yara su kalli rana da ido.

Na haɗo maka da zane, Baba ya lissafa ni na zana. Haka za ta kasance. Bayanin lissafin ba zan dame ka da shi ba, kai dai ka zana ka ba Direba, mai babbar motar nan da ke kai-komo tsakaninmu, ya kawo.

Taubashiyarka,
Alli

*

Malama Alli,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso hannuna, ta sha man inji a aljihun Direba amma tana karantuwa. Duk muna lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, maganin ne dai take ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Labarin idon Kawu ya taɓa ni ƙwarai. Inna kuwa da na karanta mata sai ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Zancen barci a bayan aji, ki tambayi Kawu ko ya taɓa barin wani ya runtsa. Kunnena na dama har yau ya fi na hagu tsawo, aikin hannunsa ne.

Aiki na karɓa. Mutumin da ya koya mini rubuta sunana ba zai nemi zane ɗaya a wurina ya rasa ba. Ko ranar za a kawo wuta bayan mako guda ba a ga ƙyallinta ba, ba zan kunna injin walda ba.

Jiya na gwada. Madubin matata na ɗauko, ba ta sani ba tukuna. Da'irar ta fito tas, sai dai ba ta zama wuri ɗaya. Na zagaye ta da alli, kafin in juya in amsa sallamar wani har ta fice daga layi. Na zaci madubin ke motsi, na ƙera masa ƙafa ta ƙarfe na kafe shi a ƙasa, ko guguwa ba ta girgiza shi. Da'irar ta ci gaba da tafiyarta. Can sai na tuna Kawu da lemonsa da fitila a gaban aji, yana juya lemon yana cewa mu ne a kai. Shekara da shekaru ina jin zancen juyawar ƙasa kamar tatsuniya, sai jiya na gan shi yana rarrafe a bangon shagona. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Na kira Inna ta zo ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "In ƙasa na juyawa, me ya sa kullum na leƙo ƙofa maƙwabciyar nan mai surutu nake gani? Ai da ko sau ɗaya an juya da ita." Ki kai wa Kawu wannan tambaya, ni ta fi ƙarfina.

Takarda ba ta zama a bangona, iska na ɗaga ta, hannuna kuma bai saba da fensir ba. Zan jingina fallen ƙarfe in goga masa alli ya yi fari, in ja layin da ƙusa, daga baya in kwafe a takarda. Zanenki na manna shi a saman teburin aiki, inda nake manna na duk wanda ya kawo mini aiki.

Ki ce wa Kawu ya kwantar da hankalinsa.

Naki,
Tartsatsi

*

Malama Alli,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. An yi husufi, sama garau, babu ko ɗigon gajimare. Ga zanen nan. Ki gai da Kawu da kyau. Aiki ya yi mini yawa kwanan nan.

Tartsatsi

*

Tartsatsi,

Ina gaishe ka, ina gai da Gwaggo da iyali. Mu ma lafiya. Zan fara da abin daɗi, don in na fara da ɗayan ba zan iya dawowa kan wannan ba.

Ranar husufi 'yan ajina suka cika mana tsakar gida. Muka zaunar da Baba a kujerarsa ƙarƙashin bishiya. Tun kafin in ce komai ya ɗaga hannu ya ce, "Ya fara, na ji a fatata." Haske ya yi wani iri kamar an surka shi da ruwa, iska ta yi sanyi, kaji suka rasa inda za su sa kansu. Hasken da ke ratso ganye ya zuba a ƙasa kamar ƙananan lauje, ɗaruruwa, har a kan farar rigar Baba. Yaran suna ta ihu suna gaya masa, shi kuma yana ta dariya yana cewa su ƙara faɗa. Rabon da in ga haƙoransa haka tun Mama na da rai. Rediyo na buga ƙararrawa na ja layina a kan kwali. Daga baya na bi layin da allura na hudhuda kwalin, don ya shafa da yatsa ya ji. Abin da ya lissafa kusan shi ya fito.

Sai ga takardarka. Tun da na ga layi huɗu ba zolaya ko ɗaya na sha jinin jikina. Na ɗora zanenka a kan kwafin wanda na aika maka, na manna su a gilashin taga. Layi ya hau layi. Har wurin da kamfas ɗina na zana da'ira ya zame ya yi ɗan ƙaho a gefen hagu, naka ma yana da ƙahon. Ashe rana ma a nan ta yi tuntuɓe a garinku?

Ba ka fito ba, Tartsatsi. An kawo wuta ko wani ya zo da aikin gaggawa, ka manta, daga baya ka ɗora takarda a kan zanena ka bi. Da ka ce mini ba za ka iya ba, da na nemi ko baƙo ne a garinku na roƙe shi. Da ka rubuto ka ce ka manta, da na yi fushi na huce. Amma ka aiko wa tsohon da ba ya gani da zanen ƙarya, don ka san ba zai gane ba? Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi da kai ba, kuma wannan ba wasan taubasai ba ne.

Ban gaya masa ba. Na ce motar Direba ce ta lalace a hanya. Kullum ya ji ƙarar babbar mota sai ya ce in leƙa. Ka sa ni ina yi wa mahaifina ƙarya safe da yamma.

Alli

*

Alli,

Na amsa gaisuwarki. Muna lafiya. Takardarki sau uku na karanta, na ajiye ta kwana biyu kafin na iya ɗaukar biro.

Kin ce ban fito ba. Ranar tun safe na rufe shago, kuma wuta aka kawo kamar da gayya, maƙwabtana suna ta aiki ina jin ƙarar injinansu. Wani ya zo da ƙafar kujera ta karye na ce ya dawo gobe. Na tsaya gaban fallen ƙarfen nan da ƙusa a hannu, rediyo a kunne, gumi na bin bayana. Ana buga ƙararrawa na ja layi, hannuna bai karkace ba. Na yi murna kamar yaro.

Da komai ya lafa na ciro zanenki na gwada. Nawa ya kauce. Cin da wata ya yi wa rana a nawa bai kai na naki ba, da faɗin babban yatsa. Na auna ta sama, na auna ta ƙasa, na juya takardar, bai daidaita ba.

Ke malama ce, bari in gaya miki yadda muke aiki. In mutum ya kawo zane ya ce haka za ta kasance, to haka za ta kasance. Ƙofa ta kauce wa zane da faɗin yatsa, babu mai zargin zanen, mai walda ake zagi, a dawo masa da kayansa. Shekara ashirin ban taɓa miƙa wa mutum aikin da ya saɓa wa zanensa ba. To ga zane, Kawu ya lissafa, ke kika zana. Ga kuma nawa, ni da na bar makaranta da jan biro a kowane shafi. Wa zan zarga? Na ce ko na makara da jan layin ne, ko madubin ne ya goce. Kunya ta rufe ni. Na ce ba zan aika wa Kawu karkataccen aiki ba a abin da ya jira duk rayuwarsa, sai na yi abin da nake yi wa kowane aiki, na daidaita shi da zane. Ƙahon ma na gan shi, na ɗauka da gangan kika sa.

Ki kira ni daƙiƙi, na saba. Amma kada ki ƙara cewa na yi wa Kawu haka don ba ya gani.

In kina tambayar fallen, ba ya nan. Ganinsa na ƙona mini rai, sai na sa shi cikin aikin ƙofofi dozin guda da wani ɗan kwangila ya ba ni. An yi musu shuɗin fenti, an kwashe tun makon jiya.

Tartsatsi

*

Yayana Tartsatsi,

Ka ga yau har da yaya, to ka san na sauko. Ina gaishe ku duka. Ka yafe mini. Na yi maka mummunan zato, na kuma rubuta shi da biro, abin da ya fi faɗa da baki muni. Ni na ba ka aiki ban ba ka dalilinsa ba, na ce wai kada in dame ka. Da na ƙara layi biyar a takardar farko da duk wannan bai faru ba.

Ga layin biyar ɗin. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa saitin wani abu a bango. Rufe idon dama ka duba, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Ka ga yatsan ya yi tsalle? Matso da shi kusa da hanci, tsallen zai ƙaru. Nisanta shi, zai ragu. To garinku ido ɗaya ne, garinmu ɗaya idon, wata shi ne yatsan, rana kuma bangon. Daga girman tsallen ake gane nisan wata. Haka mutanen dā suka yi: a wani gari rana ta rufe ruf, a wani mai nisa aka ga kashi ɗaya cikin biyar nata a waje, wani masani ya ɗauki wannan bambanci ya yi lissafinsa. Zanen da na aika maka na garinmu ne, misali kawai. Dole naka ya kauce. Faɗin yatsan nan da ya ba ka kunya, shi Baba yake jira tun yana saurayi.

Na daina ƙaryar mota, na karanta masa takardarka daga farko har ƙarshe. Ya jingina kansa da kujera. Can ya ce, "Halinsa ke nan tun yana ƙarami. In amsarsa ta saɓa da ta allo, sai ya yi ta goge tasa har takarda ta huje." Abincin rana ma bai taɓa ba.

Kada ka zana mana daga ka, ko da kana ganin ka tuna. Layin da ƙusarka ta ja a ranar shi kaɗai ne zai yi. Na so in ce maka a bar zancen, amma bakina ya ƙi. Ƙarfe ba takarda ba ne, kai ka fi ni sani, fenti ba ya cinye shi. Ina aka kai ƙofofin nan?

Ƙanwarka,
Alli

*

Tartsatsi,

Gaisuwa. Direba ya zo har sau uku hannu wofi. Ya ce duk lokacin da ya bi ta shagonka a rufe yake, matarka kuma ta ce ka fita. In fushi kake yi da ni, ka yi, na cancanta. Amma ka ajiye shi zuwa gaba, zan tsaya ka sauke mini shi duka.

Baba ya kwanta. Zazzaɓi ne ya fara, ya sauka, amma ƙarfin bai dawo ba. Ya daina fita ƙarƙashin bishiya, rediyo ma sai ya yi ta kuskurensa babu mai gyara masa. Kwalin nan da na hudhuda yana ƙarƙashin matashinsa, yakan ciro ya shafa ya mayar. Ya daina cewa in leƙa in ya ji mota, wannan ya fi tayar mini da hankali.

Ko babu labari mai daɗi, ka rubuto.

Alli

*

Malama Alli,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta sami Kawu da sauƙi. Takardunki biyu suna hannuna. Ba fushi nake yi ba, na rantse ne ba zan sake aiko muku da baki kawai ba. Ƙunshin da Direba zai miƙa miki yana da nauyi, ki karɓa da hannu biyu.

Ɗan kwangilar nan ya gama aikinsa ya bar gari. Ta wajen mai fenti na samu labarin inda aka kafa ƙofofin: wasu a gidan haya can bayan tasha, wasu a sababbin shaguna a bakin kasuwa. Fenti ya cike layin, ido ba ya gani, sai an shafa da tafin hannu, kuma ta ciki, don na tuna fuskar da na yi zanen ciki na juya ta. Ki hango taubashinki, magidanci da furfura, yana sallama a ɗakin mutane yana cewa a ba shi izini ya shafa ƙofa. Wata ta ce ɓarawo ne ke gwada makulli, har ta ɗauko muciya. Wata ta ɗauka mai gidan haya ne ya turo ni, ta sa na gyara mata sakata, kafin in fita duk gidan sun yi layi. Wani mai shago ya ce in neman asiri nake in fito fili a raba da shi. Na shafa ƙofa goma sha ɗaya, hannuna ya yi shuɗi, babu.

Ta ƙarshen na yi ta nema har tayar kekena ta sha faci biyu. Ashe ɗan kwangilar kyauta ya yi da ita ga surukinsa, wani tsohon soja a wata unguwa a wajen gari. Shi kuma ya kafa ta a banɗaki.

Na same shi a ƙofar gida yana goge takalmi, ƙato, ido ɗaya gare shi, ɗayan ya bar shi a wurin aiki. Na yi bayani, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, daga ina aka sako ka? Ka rasa abin shafawa sai ƙofar banɗakina?" Na ce ranka ya daɗe, miƙa hannu ka ɗaga yatsa, ka rufe ido ɗaya ka buɗe ɗayan. Sai da maganar ta fita na gane abin da na yi. Ya ce, "To ni mai ido ɗaya fa?" Na ce, "Shi ya sa aikin sai da mutum biyu, ranka ya daɗe." Na fara duba hanyar gudu, sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce in shiga.

Alli, ina ɗora hannu na ji ta. Da'ira, da layin da ya ratsa ta, da 'yar alamar sama. Na tsuguna a banɗakin mutane hawaye na zuba, ban ji kunyar kowa ba.

Sharaɗi biyu ya kafa mini. Na farko, kada iyalinsa su wuni babu ƙofa, don haka sai da na ƙera sabuwa na kawo a kan amalanke kafin na cire waccan. Na biyu, in an gama lissafi a aiko masa da amsa, ya ce yana son ya san nisan watan da ke zane a ƙofar da yake rufe kansa da ita.

Na yanko wurin, na dasashe bakinsa don kada ya yanki Kawu. Fentin da tsumma da fetur na wanke shi a hankali, ban kusanto da injin goge ƙarfe ba. Layin yana nan yadda ƙusa ta bar shi. Ban gyara komai ba, ko da yake hannuna ya yi ta ƙaiƙayi.

Naki,
Tartsatsi

*

Taubashina Tartsatsi,

Wa alaikumus salam. Muna gaishe ku, da Gwaggo, da maiɗakinka wadda na ji har yanzu tana cigiyar madubinta. Jikin Baba da sauƙi kaɗan. Likita bai ce komai ya canja ba, ni dai na san abin da na gani.

Direba ya iso da la'asar. Ban ce wa Baba komai ba, na buɗe ƙunshin na ɗora masa ƙarfen a ƙirji. Ya ce, "Mene ne wannan mai sanyi, yana warin fetur?" Sai yatsansa ya faɗa cikin layin. Ya bi da'irar har ya zagayo, ya bi ta biyu. Ya ce in tashe shi zaune, mutumin da sai an roƙe shi yake ɗaga kai ya sha ruwa. Ya ciro kwalina ya ɗora a kan ƙarfenka, baki da baki, alama da alama, ya yi ta lalube har ya sami inda layina ya rabu da naka. Ya sa babban yatsansa a tsakani, ya cika wurin cif. Ya bar yatsan a wurin. Ni ce na kasa daurewa, na fita tsakar gida na dawo.

Daga nan aji ya tashi. Ya sa na ɗauko rula na auna, na ɗauko tsohuwar taswirarsa na auna tsakanin garinku da namu. Ni ina rubutu a takarda, shi yana yi da ka, kuma ya riga ni. Amsa ta fito: in aka jera duniya irin tamu guda talatin da uku, ɗaya na taɓa ɗaya, za a isa wata. Ka kai wa tsohon soja, ka ce muna godiya.

Littafi kuwa talatin ya ce. Na duba, na sake dubawa, na ce, "Baba, wataƙila kaurin ƙusa ne, bari in ɗan rage a awon." Har na ɗauki abin gogewa. Bai gan ni ba, amma ya kama wuyan hannuna kamar yana gani. Ya ce, "Ke ma? Na littafi na masu littafi ne. Wannan da madubin mata da ƙofar banɗaki muka same shi. Rubuta talatin da uku." Na rubuta, kunnena na zafi kamar shi ma an ja shi.

Tambayar Gwaggo ma ya amsa. Ya ce a gaya mata ana juyawa da maƙwabciyar, matsalar dai tare ake juyawa da su.

Ƙarfen yana kan gadonsa, ya hana a ɗauke ko za a gyara shimfiɗa. Da na ce zan rubuto maka, ya ce in kawo masa jan bironsa na makaranta, wanda ka sani. Na ce ya faɗi saƙon in rubuta, ya ce ba saƙo ba ne, aikin ɗalibi zai duba. Alamar daidai da za ka gani a ƙasan takardar nan shi ya yi ta da hannunsa, taka ce. Ta karkace, ta hau kan sunana. Kada ka gyara ta.

Taubashiyarka,
Alli